Akwatin amfilin gita: tambayoyi da amsoshi kan haɗawa da lulluɓewa

Wanda ya haɗa amfili, wato na'urar ƙara sauti, da hannunsa, ya jona gita ya ji ta yi magana, yakan ɗauka ya gama aiki. Saura akwati, kuma akwatin ma yana cikin kayan kiɗan, domin shi ke riƙe lasifika, shi ke fitar da zafi, shi ke shan wuyar hanya. Amsoshin nan an tsara su ne da la'akari da yanayinmu na Garwa, Marwa, Ngaundere da Kuseri har zuwa Njamena: zafin bazara, bushewar hunturu, ƙura, da ɗaukar kaya a babur.

Da me zan fara, sayen katako ko zana akwati?

Ba ko ɗaya. Ka fara da ajiye abu biyu a gabanka: lasifikar da za ka sa, da shasi, wato farantin ƙarfen da ke ɗauke da kayan lantarkin. Auna faɗin shasin, tsawonsa, da tsayin abin da ya fi tsawo a jikinsa, wanda galibi taransifoma ce. Auna zurfin lasifika tun daga baki har bayan maganaɗisu. Sannan ka yanka kwali daidai girman da kake so, ka jera kayan a ciki. Kuskuren da ya fi cin katako shi ne a gama akwati tsaf, a zo sa shasi a tarar taransifoma tana karo da maganaɗisu. A kwali wannan kuskure kyauta ne.

Wane katako ya fi dacewa?

Filawud mai kyau, wanda a kasuwanninmu aka fi sani da kontirfilake, kauri milimita 15 ko 18. Dalili shi ne an manna ɓawo-ɓawonsa ne a gicciye, kowane sashe yana riƙe ɗan'uwansa, don haka ba ya kumbura da damina ya tsuke da rani kamar falanki. Kafin ka biya, duba gefen allon ka ƙirga sassan. A kaurin 18, mai sassa bakwai ko fiye ya fi mai biyar. Idan ka ga ramuka a gefen, to akwai irinsu a tsakiya inda ido ba ya kaiwa, kuma su ne ke yin zizar nan da ake rasa inda take fitowa. Ƙwanƙwasa allon da bayan yatsa wuri-wuri. Inda ya yi amon fanko, akwai rami ko gam ya saki. Araha ba ta ado.

Falanki ma yana yi. Akwatunan Fender na shekarun 1950 da katakon fayin aka yi su, mai sauƙi da amo, yayin da manyan akwatunan Marshall masu lasifika huɗu aka san su da filawud. Abin da ya fi kusa da fayin a wurinmu shi ne ayus, farin katakon da ake kawowa daga dazukan kudu da gabashin Kamaru. Ba shi da nauyi, yana da daɗin zarto, amma yana da laushi: yana lotsewa da ƙaramin bugu, bis, wato kusa mai murɗi, ba ya kama shi da ƙarfi, kuma ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari yana son sa. Idan shi za ka yi amfani da shi, shafa masa maganin ƙwari ciki da waje ya bushe kafin a haɗa. Maɗaci, iroko da safeli suna da kyau ga mai son barin katako a fili ya sha banish, sai dai nauyi. Mai zuwa wasa daga unguwa zuwa unguwa zai gane haka a kafaɗarsa.

Allon da ake yi da matsattsen garin katako a bar shi ga masu teburin ofis. Ya fi filawud nauyi, ruwa kaɗan ya kumbura shi, kuma bis da aka kwance sau biyu ba ya ƙara kamawa.

Na sayi falanki lafiya lau, bayan wata biyu akwatin ya tsage. Me ya faru?

Katakon bai gama bushewa ba. Yawancinsa daga yankin damshi yake tasowa, ya sauka Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, manyan motoci su hauro da shi arewa da sauran ruwa a jikinsa. Da iskar hunturu ta buge shi sai ya tsuke, kuma tsukewar ta faɗi ce, tsawon kusan ba ya motsi. Idan an ɗaure falanki mai faɗi da sanda a gicciye da gam da bis, ba shi da hanyar tsukewa, sai ya tsage.

Maganinsa haƙuri. Jera falankan a inuwa, ba a rana ba, da 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, da nauyi a sama don kada su lanƙwashe, na sati uku zuwa huɗu. Mai son tabbaci ya yanki guntu ya riƙa ɗora shi a sikeli bayan kwana uku-uku. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katako ya yi.

A ba ni ma'aunin da zan kai wa kafinta.

Ga misali na akwati mai lasifika ɗaya ta inci 12, da shasi a sama, maɓallansa suna kallon gaba, da filawud na milimita 18. Daga waje: faɗi santimita 52, tsayi 48, zurfi 26. Sama da ƙasa guda biyu, 52 da 26. Gefuna guda biyu, 44.4 da 26, domin an cire kaurin sama da ƙasa, wato 3.6. Cikin akwatin zai zama 48.4 da 44.4. Idan fuskar shasin ta ci santimita 7 a sama, ragowar wurin allon lasifika 48.4 ne da 37.4.

A nan ake yawan faɗawa rami: kada a yanka allon lasifika daidai da wannan wuri. Leda za ta naɗo ciki ta ci nata, ƙyallen gaba ma zai naɗe bakin allon ya ci nasa. Rage milimita 3 a kowane gefe, allon ya zama 47.8 da 36.8. Haka za a rage wa allunan baya. Kuma shasin kansa yana bukatar sarari na milimita 2 zuwa 3 hagu da dama bayan an lulluɓe, in ba haka ba wajen tura shi zai yage ledar. Rabin allon filawud, 122 da 122, ya ishi wannan aiki duka. Idan shasinka ya fi 48 faɗi, ma'aunin nan ba naka ba ne, sake lissafi daga shasin.

Ba ni da injin yanka haƙora. Yaya zan haɗa kusurwoyin su yi ƙarfi?

Haɗin haƙora, inda alluna biyu ke shiga juna kamar yatsun hannu, shi ne na masana'antu, kuma yana da ƙarfi saboda gam yana samun wuri mai yawa. Amma ba dole ba ne. Haɗa baki da baki, ka sa sanda mai kaurin santimita 2 da 2 a cikin kowace kusurwa, da farin gam na katako a duk inda itace ya taɓa itace, sannan bis, wato kusa mai murɗi. Gam ne ke riƙe akwati, bis matsewa kawai yake yi kafin gam ya bushe. Daga sanda zuwa allo, bis na 4 da 30, wato kauri milimita 4, tsawo 30, ya isa, ba zai ɓullo waje ba. Idan za ka ɗaura daga allon sama zuwa cikin bakin allon gefe, sa na 4 da 40 ko 50, ka fara huda da bakin huji na milimita 2.5 ko 3, domin bis da aka tura a bakin filawud ba huji yana raba sassan. Nitsar da kan kowane bis, kuma ka nisanta shi da gefen da za a goge ya zama zagaye.

Kafin gam ya kama, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ɗayan ɓangaren. Idan awon biyu bai zo daidai ba, akwatin ya karkace, matsa doguwar kusurwar har su daidaita. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, farin gam yana yin fata cikin 'yan mintuna. Yi wannan aiki da sassafe, ka gwada haɗin ba gam tukuna, ka bar shi kwana guda kafin ka taɓa.

Kusa ita kaɗai ba ta yi. Girgizar lasifika tana zare ta a hankali.

A bar baya a buɗe ko a rufe?

Idan amfilin da lasifikar a akwati ɗaya suke, buɗe. Alluna biyu, ɗaya a sama mai kare shasi, ɗaya a ƙasa mai tare waya da tarkace, tsakiya a bar kamar kashi ɗaya cikin uku. Sautin yana bazuwa a ɗaki, makaɗin ganga da ke baya yana ji, kuma zafi yana fita. Abin da ake rasawa shi ne wani ɓangare na kaurin murya, domin iskar da ke fita ta baya tana zagayowa ta kashe ta gaba a ƙananan muryoyi. Rufaffen akwati yana da dunƙulallen sauti mai harbi gaba, amma ya dace ne da akwatin lasifika zalla, amfili a nasa gidan daban. Idan an rufe, a rufe da gaske: ɗan rami da iska ke tsiyaya yana yin fito.

Yaya ake yanka ramin lasifika da ɗaura ta?

Lasifikar inci 12 irin ta Celestion tana son rami mai faɗin milimita 283, ramukan notinta huɗu kuma suna kan da'ira ta milimita 297. Tsakanin bakin rami da tsakiyar noti milimita 7 ne kacal, don haka ramin da ya zarce ya ɓata allo. Wasu kamfanoni sukan ɗan bambanta, auna taka. Buga ƙaramar kusa a tsakiya, sa guntun katako mai rami biyu ya zama abin zana da'ira, ka yanka daga cikin layi, ka ƙarasa da magagari. Ba dole ramin ya zauna a tsakiyar allo ba. Kawar da shi gefen da babu taransifoma.

Allon na milimita 12 ko 15 ya isa. Ɗaura da noti mai ratsa allo, na milimita 5, ba bis na katako ba. Matse su a gicciye, wannan sannan kishiyarsa, kaɗan-kaɗan. Wanda ya danne ɗaya har ƙarshe kafin sauran yana murɗe ƙarfen lasifikar, naɗin wayar ciki ya riƙa gogar maganaɗisu, sai a ji kwarzane a sauti a ce lasifika ta lalace. Kuma riƙe bakin abin ɗaurin da hannu biyu; zamewa ɗaya ta huda takardar lasifikar.

Zan iya sa lasifikar akwatin biki?

Za ta yi magana, amma ba muryar da kake nema ba. Igiyar gita mafi kauri tana kaɗawa wajen sau 82 a daƙiƙa, kuma lasifikar gita tana yanke sauti daga wajen 5,000 zuwa sama. Wannan yankewar ce ke tausasa muryar. Akwatin biki yana da ƙaramar lasifika mai tsini, da ita sautin gita mai gurnani yakan koma kamar zumar da aka tsokana.

Abin da ba a wasa da shi shi ne om, wato ma'aunin turjiyar lasifika ga wutar lantarki. Lasifika biyu masu om 8, a jere sun zama 16, a haɗe kai da kai sun zama 4. Amfili mai taransisto ko ɗan guntun lantarki irin TDA2030 yana iya ƙonewa idan om ya yi ƙasa da abin da aka tsara masa. Amfili mai kwalba kuwa, wato mai aiki da kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi a maimakon taransisto, kada a taɓa kunna shi ba lasifika, taransifomar fitar da sauti ce za ta tafi. Idan lasifika biyu ne, taɓa wa kowace batir na volt 1.5 ka ga takardunsu suna fitowa gaba tare.

Da me zan lulluɓe?

Abin da ke jikin amfilin kanti leda ce mai ƙyalle a baya, wadda aka sani da Tolex. Fender ta koma kanta wajen 1960, bayan shekaru tana amfani da yadi mai ratsi da ake shafa wa man ƙyalli. Mafi kusa da ita a nan ita ce ledar masu ɗinkin kujerun mota da sirdin babur. Zaɓi mara kauri, wajen milimita 1, mai ƙyalle a baya. Mai soso a baya ba ta kwanciya a kusurwa, kuma da ta gogi bango ta yage. Faɗinta yawanci santimita 140 ne, mita ɗaya da rabi ya ishi akwatin da ke sama har da allunan baya.

Fatar Marwa tana yin akwatin da babu irinsa, musamman ta saniya da aka jeme ta yi laushi. Ta akuya ƙarama ce, sai an yi gaɓa da yawa, kuma fatar da aka sha mata mai sosai ba ta karɓar gam. Atamfa ko saƙi mai kauri ma suna yi: manna da farin gam shafe-shafe don kada ya ɓullo ta fuska, bayan ya bushe a bi da banish sau uku. Kafet shi ne mafi sauƙin mannawa, yana ɓoye kowane aibi, amma hunturu ɗaya ya ishe shi zama rumbun ƙura.

Yaya ake manna ledar?

Rabin aikin yana kan katako. Leda ba ta rufa asiri, kowane kan bis da kowane tsagi zai bayyana. Cike ramuka da garin katako da aka kwaɓa da farin gam, ya bushe, a goge da samfefa lamba 80 sannan 120. Goge gefunan waje su yi zagaye kamar kaurin ɗan yatsa. Idan za ka sa kusurwoyin ƙarfe, saye su tukuna ka daidaita zagayen da su. Fenta cikin akwatin da baƙi, amma kada fenti mai mai ya hau inda gam zai zauna. Share ƙura da ɗan tsumma mai danshi.

Ga sabon hannu, yanki huɗu ya fi sauƙi. Kowane yanki faɗinsa santimita 38: zurfin akwati 26, da rarar 6 gaba da baya don naɗewa ciki. Fara da gefuna biyu, kowanne tsawon 58, ya hau sama da ƙasa da santimita 5. Sannan na sama da na ƙasa su zo su hau bakinsu. Mai son gaɓa ɗaya tak a ƙarƙashi zai sayi mita 2.1 ya zagaye akwatin da yanki guda.

Gam shi ne irin na masu gyaran takalmi, mai rawaya mai wari. Rabin lita yawanci yana isa. Shafa shi siriri a katako da bayan leda duka biyu, ka jira har ka taɓa da bayan yatsa ya ƙi biyo ka. A sanyi minti 10 zuwa 15, a bazara ƙasa da haka. Bakin filawud yana shanye gam, ba shi shafi biyu. Da fuskokin biyu sun haɗu babu gyara, don haka shimfiɗa takardar buhun siminti mai tsabta a tsakani, ka riƙa zare ta a hankali kana murzawa daga tsakiya zuwa baki da kwalba ko guntun katako mai santsi. Fuska ɗaya a lokaci guda. Kada ka ja ledar da ƙarfi: abin da aka miƙe da tsiya yana komawa, bayan sati biyu gaɓa ta buɗe.

Tururin wannan gam yana kama wuta kuma yana juya kai. A yi aikin a rumfa mai iska, nesa da murhu, mangal da mai shan taba.

Kusurwa ce ke ba ni wahala.

Kowa ma. A bakin gaba, inda rarar sama da rarar gefe suka haɗu, kada ka yanke kowace daban kana fatan su dace. Kwantar da ɗaya a kan ɗaya, ɗora ƙarfen awo a karkace daga kusurwar waje zuwa ta ciki, ka yanka duka biyu a ja ɗaya da sabuwar reza. Cire guntun sama, ɗaga ka zare na ƙasa, ka danne. Bakin biyu za su haɗu kamar an ɗinke. Kada yankan ya kai kan zagayen kusurwar, tsaya milimita 2 ko 3 kafin nan, ka tura ragowar da yatsa ta rufe. Ledar da ta ɗan sha rana minti biyar ta fi biyayya. Canza reza bayan kusurwa biyu, dakusasshiya jan ƙyallen baya take yi maimakon yanka. Fara da kusurwoyin ƙasa na baya, kafin ka iso na sama na gaba hannunka ya faɗa. Abin da ya rage na aibi, kusurwar ƙarfe ta rufe.

Ledar ta yi ƙuraje bayan kwana biyu.

An haɗa tun gam bai sha iska ba, tururinsa ya rasa mafita. Ko kuma an shanya akwatin a rana don ya yi saurin bushewa. Huda ƙurjin da allura, ɗumama wurin kaɗan, murza, ka ɗora nauyi ya kwana. Idan baki ne ya ɗago a ciki, sake shafa gam ka bi da sitefula inda ido ba ya gani.

Wane ƙyalle ake sa wa a gaba?

Wanda za ka kara a baki ka hura iska ta wuce ba wahala. Yadi mai matsattsiyar saƙa yana cinye tsinin sauti. Ragar roba mai ƙarfi tana yi, sakakken kaba mai faɗin ido ma yana yi kuma yana da kyan gani. Ragar ƙarfe tana kare takarda amma sai an sa mata roba a ƙarƙashi, in ba haka ba ta yi ta ƙara. Fenta allon da baƙi don kada da'irar ta riƙa leƙowa. Manna siraran katako masu kaurin milimita 5 ko 6 a kewayen fuskar allon, su ɗaga ƙyallen, domin wanda ya kwanta a kan allo yana marinsa duk lokacin da aka bugi igiya mai kauri. Buga sitefula ta baya, daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, kana ja kana duba layin saƙar kada ya karkace.

Zafi da wutar lantarki fa?

Kwalabe su sami aƙalla santimita 5 tsakaninsu da katako ko leda, da hanyar da iska za ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Na taransisto, ƙarfen shan zafinsa ya kalli buɗaɗɗen wuri. Allon baya na sama ya rufe duk inda yatsan yaro zai kai ga waya.

Wutarmu volt 220 ce, kuma igiyoyin gita a jone suke da shasi ta hanyar wayar gitar. Ma'ana, idan wuta ta zubo a shasi, a hannun makaɗi za ta sauka. Sa waya mai uku, a ɗaure mai kore da rawaya a jikin shasi da notinta na kanta, a sa fis, a kuma ɗaure wayar inda ta fita don kada a fizge ta. Manyan kondansa, wato ma'adanan wuta, na amfili mai kwalba suna riƙe volt 300 zuwa 450, wani lokaci har bayan an zare wuta, sai an sauke su an auna kafin a sa hannu. Idan shasin buɗe yake ta ɓangaren da ke kallon katako, manna farantin alminiyam siriri a wurin yadda zai taɓa bakin shasin. Yana rage gunjin da amfili ke tsinta daga iska.

Akwatin yana ziza a wata murya guda.

Ruwa ba ya tsami banza, wani abu ne ya saki. Sa wani ya riƙe muryar, kai kuma ka bi akwatin da tafin hannu kana dannawa: allon baya, mariƙi, kusurwoyin ƙarfe, shasi, wayar da ke lilo kusa da takarda. Inda ka danna zizar ta tsaya, nan ne. Allunan baya su sami siririyar robar tayar keke tsakaninsu da sandunan da suke kwanciya a kai. Duba bayan lasifika ma, maganaɗisu yana janyo bis da washa da suka ɓace tun ranar haɗi.

Ina ake sa mariƙi?

Ba a tsakiyar awo ba, a tsakiyar nauyi. Bayan an sa komai, ɗora akwatin a kan sandar tsintsiya ko bututu ka nemi inda ya daidaita, hagu da dama sannan gaba da baya. Taransifoma takan ja shi gefe guda. Ɗaura da noti mai ratsawa da faffaɗar washa ta ciki. Ƙafafu huɗu na roba, ko da an yanko su daga tsohuwar tayar mota, masu tsayin santimita ɗaya da rabi, suna raba katako da danshin ƙasa da gara. A babur, juya fuskar lasifika ta kalli bayan direba, sa tsumma ko soso a ƙarƙashi da inda robar ɗauri za ta bi ta kan gefuna, kuma idan tafiyar mai nisa ce a hanya mai gargada, zare kwalaben bayan sun huce ka naɗe su daban a jaka.